Gora Mai Karkatacciyar Tsaga

Har yau in na ji ƙamshin kifin banda sai raina ya ɓaci, kuma kifin bai yi mini laifin komai ba. Mutane ne suka yi, ni ma ina cikinsu.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi, tsakanin Tsamaye da Sabon Birni. Kakata Ige, mahaifiyar babana, banda ce sana'arta. In ruwa ya ja baya bayan girbin gero, masunta sun fara kawo tarwaɗa da karfasa kwando-kwando, ita ce ke farke su ta jera a kan raga, ta hura wuta a ƙasa da itacen da ba ya ci da sauri. Da an ci tuwo bayan magariba, mu jikoki sai rumfar bandarta. Ba don Allah muke zuwa ba, kuma ta sani. Akwai ƙananan kifaye da ke zubowa ta ramin raga, duk wanda ya faɗo rabon mai saurin hannu ne. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

"Ku dube shi," in ji ta, "Maigidan da bai kawo cefane, amma shi ka fara miƙa hannu."

A nan take ba mu tatsuniya, tana juya kifi da hannu ɗaya, tana korar kyanwa da ɗayan. In za ta fara sai ta ce, "Ga ta tahe, ku buɗe mata hanya," mu kuma mu ce ta shigo. Ta iya muryar kura, ta iya ta dila, ta iya ta liman har sai da babana ya roƙe ta ta daina. Amma labarin da ya tsaya mini a rai ba na kura ba ne. Na goran da ke rataye a saman kanmu ne.

Gora ne kamar girman kan mutum, hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin. Ba a yi masa ido ba, ba a yi masa baki ba. Tsaga kawai aka ƙona masa da ƙarfe mai zafi, irin tamu ta Gobirawa, bakwai a gefe ɗaya, shida a ɗayan. Sai dai a gefen hagu, layi na uku ya karkace ya ratsa biyun da ke ƙarƙashinsa. Aikin Kofur Labbo ne, yayan Kaka Ige.

Ina ɗan shekara takwas ya rasu, don haka na san shi. Dogo ne, ba mai magana ba, tsohon soja, kuma duk gulbinmu babu wanda ya kai shi iya su. In ya kwanta a kan goransa na ruwa da ragarsa ta homa a hannu, sai ka ce a nan aka haife shi. Amma bai cin kifi. Ya kama, ya kawo wa ƙanwarsa, shi kuma ya sha fura. Da la'asar yakan zauna gindin tsamiya da ɗan kaskon wuta da tsinkayen ƙarfe, yana zana ƙorai. Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kada da 'ya'yanta a baki, jirgi cike da mutane. Ƙwaryar da ta bi ta hannunsa ko a jeren wa aka sa ta sai an tambayi inda aka samo. Matan garin nan da ke aiko masa da ƙorai ta bayan gida in za su aurar da 'ya'ya, su ne dai ke jan yaransu in ya wuce ta ƙofar gida. Munafunci ba yau ya fara ba.

Abin da ake faɗa kuwa shi ne, wai kifin da yake samu ba banza ba, mutane yake ba aljanun ruwa a musaya, kuma kowane gora mai tsaga kan mutum guda ne da ya bayar. Wai shi ya sa ba ya iya cin kifin. Babu wanda ya taɓa nuna mutum ɗaya da ya ɓata a garin, amma bakin mutane ba ya jiran shaida. Ranar da aka dawo daga jana'izarsa, babana ya shiga ɗakin Kofur ya fito da goran nan guda da ya rage, ya ɗauko taɓarya. Ya gaji da gorin da ake yi masa a masallaci. Kaka Ige ta fizge goran ta sa a cinya ta zauna a tsakar gida, ta ce in ya isa ya fara da ƙafarta. Tun daga ranar goran ya koma rumfar banda, inda babana ba ya shiga.

Wani maraice na zo da kumburarren leɓe. Na yi faɗa da wani yaro da ya kira ni jikan mai kawunan mutane. Na tsaya a kanta na ce ta gaya mini gaskiya, in kan mutum ne a jefar, na gaji.

Ta aje kifin da ke hannunta. Sannan ta ce, "Zamna nan, Maigida. Yau ba kura, ba dila. Wagga ba sai kun buɗe mata hanya ba, nan take rataye bisa kanku."

Ga abin da ta ba mu, a taƙaice, don ba zan iya kawo muryarta duka ba.

Lokacin yaƙin basasa aka kwashi samarin ƙasarmu soja, Labbo yana ciki. Aka kai su can kudu. Wata rana aka cika jirage da sojoji za a ƙetare wani babban kogi, sai wuta ta taso daga ɗaya gaɓar, jiragen suka nutse. Yawancin waɗanda ke ciki 'ya'yan manoman gero ne, ruwan da suka sani bai wuce na rijiya ba, ga takalma masu nauyi, ga bindiga a wuya. Da ƙura ta lafa, hafsa ya tambayi wanda ya san ruwa. Aka nuna Labbo. Kwana uku yana nutso yana tsamo mutane kamar yadda ya saba tsamo kifi. Ba 'yan rundunarsa ba ne, bai san sunan ko ɗaya ba, takardun aljihunsu sun zama kunu. Aka ce a haƙa rami a bakin kogi a rufe su, a wuce. Ya ga abin da kifaye suka yi wa wasu daga cikinsu, kuma daga ranar bai ƙara sa kifi a baki ba.

Amma Labbo ya duba fuskoki. A cikinsu ya ga goma sha ɗaya masu tsagar gida. Wani da bille, wani da 'yar baka, wani da Gobirci tsantsa. Bai iya rubutun boko ba, bai iya na ajami ba. Sai ya samu ƙusa, ya zauna gaban kowace gawa kafin a rufe ta, ya karce tsagarta a bayan kwanonsa na cin abinci, layi bayan layi, yadda take.

Da ya dawo gida ya shuka duma a kan rufin ɗakinsa. Ya zaɓi goruna masu girman kai, ya ƙona wa kowane tsagar mutum guda, don wanzami ya iya riƙewa ya shafa kamar yana riƙe da fuska. Ya shiga bin kasuwanni da su a buhu, Isa, Sabon Birni, har ƙetaren iyaka wajen Maraɗi. Ba ya zuwa ko'ina sai rumfar wanzamai.

"Wanzami ya san askarshi," in ji Kaka, "kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta cikin yara ɗari."

Wanzami zai juya goran ya ce wannan hannun wane ne na gari kaza, ko ya ce wannan ni na yi shi, gidan su wane ne, kuma lalle suna da ɗa da ya tafi soja bai dawo ba. Sai Labbo ya taka har gidan, ya yi sallama, ya faɗa musu inda ɗansu ya kwanta, ya ce da hannunsa ya sa shi a rami yana fuskantar alƙibla. Ya bar musu goran ya juyo. A yi kuka, a yi sadaka, matar ta shiga takaba. Shekaru ya yi yana wannan yawo, yana barin sana'ar su a tsakiyar lokacin kifi. Goma suka samu gida. Na sha ɗaya, mai karkataccen layi, duk wanzamin da aka nuna wa sai ya girgiza kai.

"Ka san mi ne ciwo, Maigida?" ta ce, tana tono garwashi. "Wanda nashi yam mutu, shi yi kuka, shi share hawaye, shi tashi. Wanda ba a gaya ma ba, shi ka ruɓewa a tsaye. Akwai wani gida, ban san ina ba, har yau suna jin motsin ƙofa su ɗaga kai."

Muka jira ta rufe labarin yadda ta saba, ta ce ƙurunƙus mu watse. Ba ta ce ba. Ƙanwata ta tuna mata, ta ce ai bai ƙare ba, da me za ta rufe shi? Daga baya ta sha maimaita mana shi, duk shekara in an fara banda, kuma ko sau ɗaya ba ta rufe ba. Na tambaye ta me ya hana Kofur ya gaya wa mutanen gari gaskiya su bar shi ya huta. Ta ce ya faɗa sau ɗaya a ƙofar masallaci, suka ce to me ya sa bai rubuta suna ba kamar mutanen kirki. Bai sake ba.

Na girma, na yi karatu, aka ba ni koyarwa a wata firamare a Sabon Birni, har na sayi babur. Lokacin Kaka ta tsufa, idonta ya yi rauni saboda hayaƙin shekaru. Ta aika aka kira ni, ta sa aka sauko da goran, ta ɗora mini a hannu.

"Kai ad da karatu, kai ad da babur," ta ce. "Labbo da ƙahwa ya yi goma. Guda ɗai nika roƙonka. Tsohhin wanzamai na ƙarewa, ka yi hanzari. Kihi na jira cikin banda, Maigida. Mutum bai jira."

Na ce, "Za ni yi, Kaka, in an yi hutu."

Hutu nawa aka yi tun daga ranar, ban iya ƙirgawa. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Ni malamin makaranta, mai aljihu da alƙalami biyu, wanda ake turawa gaba in liman ya yi tafiya, a gan ni ina bin rumfunan wanzamai da gora a buhu kamar mai neman asiri? Ni da tsagar fuskata ma ta ishe ni tun a kwaleji, inda 'yan birni ke tambayata ko da damisa na yi kokawa. Na buga ƙusa a lungun zaurena na rataye shi, na jingina tsohuwar tabarma a gabansa. Kaka ta rasu bayan shekara biyu. Duk zuwan da na yi gaishe ta sai ta tambaya, ni kuma in ce ana kan bincike. Na yi wa tsohuwa makauniya ƙarya ido da ido, ta sa mini albarka a kai.

Sai wannan masifa ta 'yan bindiga ta sauko mana. Ƙauyuka suka watse, mutane suka cika gari, aka sauke wasu a ajujuwan makarantarmu. A cikin wannan hali aka yi mini haihuwa. Wanzaminmu ya yi gudun hijira shi ma, sai aka kawo mini wani dattijo daga cikin baƙin, Tunau, mutumin wani ƙauye a gefen Kamarawa ta ƙasar Isa, ya yi wa jaririn askin suna. An kwashe tabarmin zaure duka an shimfiɗa wa baƙi, har da wadda ke lungu. Tunau ya gama aikinsa yana wanke aska, ya ɗaga kai, sai na ga hannunsa ya tsaya.

"Malam, ina kas samu wanga?"

Na fara kame-kame, na ce kayan gado ne. Ya miƙe ya sauko da shi ba tare da neman izini ba, ya bi layin nan na uku da babban yatsa.

"Salihu na," ya ce. "Salihu na garinmu. Tare munka yi kiwon awaki. Askar babana ta. Yana cikin yi mashi tsaga jinjirin ya zabura, hannu ya goce."

Na ce to ai Kofur ya bi kasuwar Isa ba sau ɗaya ba, yaya aka yi bai haɗu da babansa ba? Tunau ya sunkuyar da kai. Ya ce sun haɗu. Tsohon ne da bakinsa ya gaya masa, bayan ya makance, dab da rasuwarsa. Soja ya zo da gora a rumfa cike da wanzamai, kowa ya duba karkataccen layin ya yi dariya, ana cewa wane makaho ne ya yi wannan ɓarna. Goran ya iso hannun baban Tunau, ya gane shi tun daga nesa, ya juya shi sau biyu, ya ce bai san wannan hannu ba. A garinsu an san kuskuren an yi shiru, amma ya amsa shi a tsakiyar kasuwa gaban abokan sana'a, wa zai ƙara kiransa suna?

Wanzami ba ya son jarfa, haka Hausawa suka ce, kuma ranar na ga ma'anarta tsirara. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yanka fuskokin jarirai kwana bakwai da haihuwa, ya kasa jure ɗan ƙwarzane guda a sunansa. Na tambayi Tunau shi kuma me ya hana shi faɗa bayan ya ji. Ya ce sunan tsoho ya rufa wa asiri. Na buɗe baki zan zazzaga masa abin da ke cikina, sai idona ya faɗa kan ƙusar da ke lungu. Na rufe bakina.

Ya ba ni sauran labarin. Salihu ya tafi ya bar matarsa Hajjo da ciki. Da aka gama yaƙi bai dawo ba, wani mai baki ya ce ya ga mai kama da shi a Ikko da wata mata da yara. Magana ta zauna. Aka ce ya samu duniya ya manta gida. Hajjo ta haifi namiji, Garba, ta yi jira har alƙali ya raba auren, ta yi wani, amma ba ta taɓa yafewa ba. Yaron ya tashi ana kiransa ɗan wanda ya tsere.

"Shina nan makarantarku," in ji Tunau. "Aji ukku anka sauke su."

Aji uku nawa ne. Wata biyu ina wucewa ta gaban mutumin nan kullum, ina amsa gaisuwarsa da ɗaga hannu.

Na same shi zaune a kan buhun kayansa ƙarƙashin allo, dattijo mai furfura, ya girme ni da kusan shekara goma. Na tsuguna na ba shi labarin yadda Kaka ta ba mu, kogin, kwana ukun, ƙusa da kwano, ramin da ke fuskantar alƙibla. Na miƙa masa goran. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya juya gefen hagu.

"Haka Inna tac ce take," ya ce a hankali. "Ta hagu. In ta yi hushi da ni sai ta ce Allah ya sa ban gado karkatarshi ba." Ya shafa layin da yatsa. "Malam, ban taɓa yi mashi addu'a ba. Ko sau guda. In na yi sallah in roƙa ma kowa, shi in tsallake shi."

Sannan ya tambaye ni abin da nake tsoro. "Tun yaushe abin ga yake hannunka?"

Na ce shekara ashirin da uku.

"Inna bara tar rasu," ya ce. "Da damina."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Ina yaro na ɗauka labarin Kaka Ige na wanke sunan yayanta ne, kuma darasinsa shi ne bakin mutane mugu ne. Har yau ina jin haushin garinmu, da suka bar mutumin da ya ɗauko 'ya'yan wasu daga ƙarƙashin ruwa ya mutu yara na jifar ƙofarsa. Ina jin haushin masu manyan kujeru da suka kwashi samari a mota suka kasa aiko wa iyayensu ko da takarda. Ina jin haushin tsohon wanzami da ɗansa. Amma Kaka ba don mu ji haushin kowa take maimaita labarin ba. Aike take yi. Duk shekara tana duba fuskokinmu a hasken wutar banda, tana neman wanda zai ɗauka, ta zaɓi mai karatu da babur, ta yi zaɓen tumun dare. Wanzamin ya ji kunyar rumfa guda ta rana ɗaya. Ni na ji kunyar da babu wanda ya ma ɗora mini, na riƙe ta shekara ashirin da uku, kuma tsakanin zaurena da ƙauyen Hajjo tafiyar rabin yini ce a babur.

Washegari da safe Garba ya zo ƙofar gidana da goran a naɗe cikin rawaninsa. Ya ce in tara masa mutum biyu ko uku a yi wa mahaifinsa addu'a, shi baƙo ne, bai san kowa ba. Na tara. Aka yi, aka raba ɗan gero da ya auno daga abin da aka ba su na agaji, duk da na hana. Ya shafa fatiha, ya daɗe da tafukansa a fuska. Da mutane suka watse ya tsaya a bakin zaure.

"To, shi dai na roƙa mashi, na kuma roƙi gahwararshi," ya ce. "Inna hwa, Malam? Wa za ya gaya mata?"

Shekara ashirin da biyar ina tsaye gaban allo, ban taɓa barin yaro ya tafi gida da tambaya ba amsa ba. Na tsaya ina kallon dattijon nan har ya gaji da jira, ya gyara goran a hammatarsa, ya koma aji uku.